Takardar Masu Gudu

Mutanen Diffa sun san Souleymane da abu biyu, ɗingishi da teburin jaridu. Duk wanda ya sauka a tashar mota a shekarun 1990 ya gan shi a gindin bishiyar dogon yaro, shi dogo siriri, ya miƙe ƙafar hagu a kan buhu, yana korar awaki daga kayansa da sandar da yake dogarawa. Akwai abu na uku, wanda shi a wurinsa ya fi waɗannan biyun nesa ba kusa ba, amma garin bai san shi ba. Mutumin nan ya taɓa tsere wa dukan sojan ƙasar a dogon gudu.

Ba ɓoyewa ya yi ba. Ya faɗa, dariya aka yi masa.

Shi ɗan Mirriya ne, a ƙasar Damagaram. Ya shiga soja yana saurayi, kuma a shekarar da aka tara masu gudu na barikoki a Yamai, shi ya fara isa, da takalmi ɗaya a ƙafa, don ɗayan ya maƙale a rairayi tun tsakiyar hanya bai tsaya ɗauka ba. Wata mujallar wasanni ta wancan zamani, wadda ita ma ba ta yi tsawon rai ba, ta ba shi shafi guda cur a takarda mai sheƙi. Ga shi nan baki buɗe, jijiyoyin wuya sun tashi, can nesa a bayansa ga sauran kamar tururuwa. Bayan haka aka turo shi gabas. Motar soja ta kife da su a hanyar N'Guigmi, ƙafar ta karye, ta haɗe a karkace, aka sallame shi. Bai koma gida ba, don a lokacin ya riga ya ga Biba, ita kuwa ta ce ko da igiya ba mai raba ta da bakin kogin Komadugu.

Wanda ya fara yi masa dariyar shi ne Maina, dillalin tattasai, mutum mai tumbi da baki, wanda yake shan shayi kullum a gefen teburin.

"Gudu?" in ji Maina. "Soja, tsakani da Allah, wa ya koro ka?"

Aka kwashe da dariya, har mai shayi ya ƙware. Kada ka ga laifinsu. A kwarin nan babban mutum ba ya gudu sai da dalili: ko gobara, ko mahaukacin kare, ko ruwa ya fasa kwamin lambu yana neman cinye shuka. Kokawa sun sani, sukuwar raƙumi sun sani, ƙwallo ma samari sun koya musu. Amma a ce magidanci ya sa gajeren wando ya yi ta zabga gudu babu mai binsa, sai a yi wa iyalinsa jaje.

Biba, wadda ta zama matarsa, ta ce masa ya fito da shafin daga akwati ya toshe musu baki. Ya ƙi.

"In na nuna musu yanzu, mi za su gani? Mutum ba takalmi, jama'a na bin shi a baya. Cewa za su yi ɓarawo aka biyo. Sai sun san gudu tukuna."

Wannan shi ne burin da ya ɗora wa kansa, kuma bai sauke shi ba har ya yi furfura. Yana so Diffa ta san cewa gudu abu ne da ake girmama mutum dominsa, don ranar da zai sake cewa shi mai gudu ne, maganar ta sami wurin zama. Ba ya son ya mutu a matsayin gurgun tasha kawai.

Yana da wani tsohon abokin bariki a Yamai, Tahiru, mai kantin littattafai. Shi yake ɗauro masa kwantan jaridu da mujallu a mota. Jaridun ƙwallo, musamman na Najeriya da ke tsallako kogi, ba sa kwana a tebur. Amma abin da Souleymane ya roƙi Tahiru musamman shi ne wata mujalla ta ƙasar Turawa da ba ta maganar komai sai gudu. Takan iso da wata da watanni a kanta, ana zafin bazara ita kuma tana nuna mutane cikin dusar ƙanƙara. Ya ba ta wuri mafi kyau, a gaba, ya danne ta da dutse mai tsabta. Ma'aikatan gwamnati da aka turo daga yamma sukan ɗauka, su buɗe, su ce abin sha'awa, su ajiye su sayi ta ƙwallo. Zalika mai ƙosai ta taɓa sayen guda, washegari ta dawo da ita tana mita.

"Takardar banza ce, Soja. Ba ta shan mai."

Ana nan sai wata ranar kasuwa wata dattijuwa ta tsaya a gaban teburin. Gajera ce, baƙa, da tsagen Barebari a kumatu, hannuwanta sun yi kanta da aikin lambu. Sunanta Ya Gumsu, daga Chétimari, kuma duk manomin tattasai a wannan yanki ya san ta, don ita ce mai ajiyar iri. Souleymane bai san ta ba. Ta ɗauki mujallar gudu, ta murza shafi tsakanin yatsu, ta shinshina. Sannan ba tare da neman izini ba ta ɗauki butar alwalarsa ta ɗiga ruwa a fuskar wani Bature. Ruwan ya gangara ya faɗi ƙasa, takarda ba ta jiƙe ba. Ta gyaɗa kai.

Sai ta zauna a kan bencinsa ta fara duba hotunan ɗaya bayan ɗaya, a natse, kamar mai zaɓen surukai. Souleymane ya zuba mata ido. Ya ce a ransa lalle tana da ɗa ko jika mai son gudu, ga ranar da yake jira ta zo. Ta biya, ya miƙa mata da hannu biyu. Tana karɓa ta kama shafin farko ta ɓalle shi, ƙyat, ta kama na biyu.

"Iya, lahiya? Mi takardar ta yi miki?"

"Iri zan ƙunsa," ta ce da Hausarta mai nauyin Barbarci. "Tsumma yana jan danshi, leda tana dafa iri, jarida gara ke ci. Wannan ta yi."

Ranar bai ci abincin rana ba. Mutanen da suka ƙetare duwatsu da hamada da ƙafafunsu, a ce ƙarshensu ƙunshin irin tattasai? Ya rantse wa Biba ba zai sake sayar wa matar nan ba. Ranar kasuwa ta zagayo, ta dawo da mata biyu, ya sayar musu, don tukunyar gidansa ba ta san rantsuwa ba. Kafin shekara ta juyo, mujallar da ba mai so ta zama ita ke fara ƙarewa a tebur. Manoma daga Chétimari har Baroua suna aiko a ajiye musu takardar masu gudu. Tahiru ya yi ta mamaki daga Yamai, yana cewa ashe Diffa garin ƴan tsere ne, Souleymane kuwa kunya ta hana shi gaya masa gaskiya.

Abu ɗaya ya rage masa zafi, Ya Gumsu ba ta ɓalle shafi sai ta yi tambaya. Takan ɗora yatsa a kan hoto.

"Wannan, da wuri yake tashi, ko sai daga baya?"

"Wannan doguwar mai kitso, tana jure rana?"

"Tsohon nan mai farin gemu, yana kaiwa ƙarshe?"

Faransancinsa na bariki ne, yana karantawa yana tuntuɓe. Amma abin da rubutu ya gagare shi, ƙafafunsa na da sun sani. Yakan dubi kafaɗar mutum da yadda ya jefa ƙafa, ya ce wannan wuta ne, zai ƙone da wuri, wancan kuwa yana ajiye numfashi, sai kowa ya gaji zai fito. Yakan manta da kansa ya tashi tsaye yana kwatantawa da sanda. Ita dai tana saurare, ba ta dariya, ta ware shafukan gida-gida. Ya ɗauka hirar tsofaffi ce kawai, irin ta mai son a daɗe ana magana. Shekaru suka yi ta tafiya a haka.

Mutuwar mujalla ba rana ɗaya take zuwa ba, rama take fara yi. Da aka karya darajar kuɗin sefa a 1994, duk abin da ya fito daga ƙasar Turawa ya yi tsada, Tahiru ya rage abin da yake sarowa, kwantan ma ya ragu. Daga baya ita kanta mujallar ta fara sirancewa. Inda da ake ba mai gudu shafi guda, sai aka koma cusa mutum huɗu a lungu, sauran wurin tallar takalma da agogo. Ya Gumsu takan juya shafi ta yi tsaki, ta ce takalmi ba ya da hali, me za ta ƙunsa a ciki? Da shekarun 2000 suka shigo, tallar ma ta fara janyewa. Tahiru ya yi masa bayani a salula: a can, masu sayar da takalma su ke riƙe da mujalla, ba masu karatu ba, kuma yanzu sun gano mutane a kwamfuta suke duba sakamakon tsere tun ranar da aka yi shi, to wa zai biya takarda da tawada da jirgi don labarin da ya kwana? A Diffa ma ƙasa tana zamewa a ƙarƙashin teburin. Gidajen kallo sun buɗe, samari suna ganin ƙwallo da idonsu, rediyo na faɗin sauran, jaridun ƙwallo suka fara yin rawaya a rana.

Wata ranar kasuwa Ya Gumsu ta ɗauki sabuwar da ta iso, ta murza, ta yamutsa fuska. Ta ɗiga ruwan buta. Ruwan ya tsaya, ya shige, ya bar tabo. Sun canza takarda zuwa mai araha. Ta ajiye ta a hankali kamar mai rufe idon mamaci, ba ta saya ba. Bayan ƴan watanni ɗaurin Tahiru ya zo babu ita sam, kuma ba ta sake zuwa ba.

Souleymane ya naɗe teburinsa a ƙarshen wannan shekara. Baƙin cikinsa ba na sana'a ba ne, ƴaƴansa sun girma suna kawo abin cefane. Abin da ke cinsa shi ne ya ba abin nan ƙuruciyar tsufansa duka, amma ko mutum ɗaya bai taɓa zuwa ya ce Soja, koya mini gudu ba. Shafinsa na nan a akwati, kuma ya sallama cewa a can zai tsufa.

Lokacin shanyar tattasai sai ga saƙo daga Ya Gumsu, ya zo Chétimari tana nemansa. Bai taɓa zuwa ba. Shekara da shekaru yana gudun ya ga inda ake wulaƙanta mutanensa. Biba ce ta matsa, har ta ɗauko masa rigar sallah, ta kuma ɗaura wani abu a zaninta.

Ya sha ganin tattasai a buhu, amma bai taɓa ganin shi a shimfiɗe ba. Daga inda mota ta ajiye su har bakin kogi ƙasa ta zama ja, fili bayan fili, jan da ke sa ido ruwa, ƙamshinsa na shiga maƙogwaro. Ya tsaya ya dogara sanda yana tasbihi a ransa. Yana tsaye sai ya ji wasu manoma biyu suna gardama a gefen shanya, suna haɗa Barbarci da Hausa.

"Ni bana Mai Ɗaga Hannu na dasa. Da wuri yake tashi, na riga kowa kai wa kasuwa."

"Ka riga kowa ƙarewa kuma. Wuta ne, yana ƙonewa da wuri. Ni Tsoho Mai Gemu nake bi, yana ajiye numfashi, sai kowa ya gaji yake hitowa."

Souleymane ya kasa kunne. Maganarsa ce, kalma da kalma, a bakin mutanen da bai taɓa gani ba. Ya matsa ya tambaye su wane ne Tsoho Mai Gemu. Suka dube shi da tausayi, irin kallon da ake yi wa ɗan birni. Ɗayan ya ce ai wani jarumi ne a wata ƙasa, yana da jikoki amma yana gudun yini guda ba mai korar shi, kuma ƙasarsu duk ta san shi. Ya faɗi haka da girmamawa, kamar yana maganar babban ɗan kokawa.

Ɗakin irin Ya Gumsu ƙarami ne, mai sanyi, da tukwane jere a kan duwatsu. Ta buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Kowace cike take da ƙunshi, kuma kowane ƙunshi an naɗe shi yadda fuskar mai gudun za ta kasance a sama, ba a karya ta ba. Ga Doguwa Mai Kitso, ga Mai Jan Wando, ga Tagwaye, ga wani da ya manta ya taɓa gani, wanda ya faɗi a bakin layi yana dariya. Ba ta karatu, don haka kowane iri ta ba shi mutumin da halinsu ya zo ɗaya. Mai nuna da wuri ta ba shi mai tashi da wuri. Mai jure zafin bazara ta ba shi matar da ta ƙetare hamada. Duk manomin da ya zo karɓar iri sai ta nuna masa fuskar, ta ba shi labarin yadda Soja ya ba ta, don ya san abin da zai dasa. Souleymane ya zauna a ƙasa. Shi yana can tasha yana kukan babu mai karatu, ashe kwarin duka ya haddace mujallar.

Da ya natsu, ta ɗauko wani ƙullin tsumma daga bayan tukwane.

"Wannan ba shi da takarda," ta ce. "Baƙo ne, ban san daga inda ya zo ba, a gefen kwami ya tsiro. Shekarar da kogi ya cika, ruwa ya kwantar da shi ya karye, ya tashi a karkace, ya yi ta ƴaƴa har sauran suka bushe. Na raine shi, yanzu ya isa a raba. Amma iri ba suna, ɓacewa yake cikin sauran. Yana da yaji hwa, da taurin kai." Ta dube shi. "Biba ta ce kana da mutum ɗaya a akwati."

Biba ta kwance zaninta ta ajiye shafin a gabansa, ta kau da kai.

Ya daɗe yana kallonsa. Shi ke nan guda ɗaya a duniya, mujallar da ta buga shi ta mutu tun kafin a haifi ƴaƴansa. In ya bayar za a naɗe shi, a karya gefensa, hannuwa masu yaji su yi ta taɓa shi har ya goge. In ya mayar akwati zai zauna lafiya lau, babu mai ganinsa sai kyankyasai. Ya ji tsoro, ya kuma ji wani abu mai kama da abin da yakan ji a bakin layi kafin a busa usur. Ya ɗauki butar Ya Gumsu da kansa, ya ɗiga ruwa a kan ƙirjin saurayin da ke hoton. Ruwan ya gangara.

"Ta yi," in ji Ya Gumsu. Ta ɗora yatsa a kan hoton kamar yadda ta saba. "To gaya mini. Wannan, da wuri yake tashi, ko sai daga baya?"

Ya ba ta labarin tun daga farko, har da takalmin. Ba ta yi dariya ba.

Sai da damina biyu ta wuce kafin irin ya bazu. Wata ranar kasuwa Souleymane yana ratsa layin masu tattasai a Diffa, zai sayo wa Biba kayan miya, ya ji muryar Maina daga bayan tarin buhuna. Maina ya tsufa, tumbin ya sauka, amma bakin na nan. Yana ciniki da wani Alhaji da ya tsallako daga Damasak.

"Wannan ba irin wanda ka saba ba ne, Alhaji. Wannan Soja ne."

"Wane soja kuma?"

"Wani mai gudu. Na ga hotonsa da idona a Chétimari. Takalmi ɗaya gare shi."

Alhajin ya yi dariya, ya damƙi tattasan yana shinshinawa. "To shi kuwa wa ya koro shi?"

Souleymane ya tsaya cak. Maina ya ɗago kai, idonsu ya haɗu ta saman buhunan. Dillalin ya gyara hularsa, ya juya ga baƙon.

"Sojan ƙasar nan kaf," ya ce. "Ba su kama shi ba."